Zomo Mai Cin Jikinsa: Dalilai, Alamomi Da Yadda Ake Magance Shi A Nan Kudu



Kiwon zomo ya shiga gidajenmu na nan Kudu sosai, tun daga Agege da Mile 12 har Sabon Ibadan, Shagamu da Fatakwal. Gidan haya ba shi da filin ɗaure rago, amma keji ɗaya zai shiga bayan ɗaki. Wasu don yara suke ajiyewa, wasu don sha'awa kawai. To kukan da ya fi yawa a bakin masu zomo shi ne wannan: zomo ya kama cin jikinsa. Yana tsige gashi, yana gwaigwayar ƙafa ko gefen ciki har jini ya fito. A shafa wannan a shafa wancan, ya lafa kwana biyu, ya dawo.

Ni ɗan mai sana'ar shanu ne, a kara na tashi, kuma ina ajiye zomaye a gida. Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe. Na farko, zomo ba ya cin jikinsa don taurin kai. Akwai abin da ke cinsa: ko ƙaiƙayi, ko ciwo, ko rashin ciyawa, ko ƙunci. In ba a gano wanne ne ba, asarar kuɗin magani kawai za a yi. Na biyu, zomo ba ƙaramar saniya ba ne. Yawancin abin da muka saba yi wa shanu a kara, in aka yi wa zomo, ajalinsa ne.

A fara da duba inda yake ci

Ka ɗora shi a kan tawul, wurin da haske yake, ka buɗa gashin da yatsu ko ka hura masa iska har ka ga fata. Kada a ɗaga shi ta kunne, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi. Wurin da matsalar take shi zai nuna maka hanya:

Cikin kunne, da ɓawo mai kauri da yawan kaɗa kai: ƙwarin kunne.

Hanci, leɓe, gefen ido, bakin kunne da tsakanin yatsu, da farin ɓawo mai tauri: ƙazuwa.

Gadon baya da tsakanin kafaɗu, da farin gari kamar amosanin kai: ƙwarin gashi.

Tabo zagayayye da gashi ya zube, a fuska ko ƙafar gaba: makero.

Ƙarƙashin ƙafar baya: gyambon tafin ƙafa.

Haɓa da wuya a jiƙe: haƙori ko mazubin ruwa.

Gindi da cinyoyi sun yi ja suna wari: ƙunar fitsari ko zawo.

Gashi a gutsure amma fatar lafiya lau: abinci, ƙunci, ko wani zomon ne ke cinye masa.

Wanda ba ciwo ba ne

Kafin hankali ya tashi, akwai tsige gashin da yake na halitta. Macen zomo tana ɗaukar ciki kamar kwana 31. Idan haihuwa ta kusa, sai ta tsige gashin ƙirjinta da na cikinta ta yi wa 'ya'ya shimfiɗa. Wannan ba a hana ta, akwatin haihuwa ake sa mata. Akwai kuma cikin ƙarya: mace ba ta da ciki amma jikinta ya ɗauka tana da shi, bayan kwana 16 zuwa 18 ta tsige gashi ta yi gida, ba ɗa ba jika. Shi ma yana wucewa da kansa. Haka kuma zomo yana sauya gashi lokaci zuwa lokaci. Alamar duk waɗannan ɗaya ce: fatar ƙasa sumul take, ba ja, ba ɓawo, ba rauni, kuma yana cin abinci kamar kullum.

Ƙwarin da ke shiga fata

Su ne suka fi kawo susa da cizo. Ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu sai da madubin likita ake ganinsu.

Ƙwarin kunne, waɗanda likitoci ke kira Psoroptes, suna cika kunne da ɓawo ruwan ƙasa. Kada a ɓanɓare ɓawon nan. Ƙarƙashinsa ɗanyen nama ne, ciwo zai ji sosai kuma jini zai fita. Idan magani ya kashe ƙwarin, ɓawon da kansa yake zubewa. Masu ɗiga man gyaɗa ko manja a kunne suna tausasa ɓawon ne, yana ɗan rage ƙwarin, amma shi kaɗai ba kasafai yake gamawa da su ba.

Ƙazuwa ita ce mafi muni a ƙasashe masu zafi irin namu. Ƙwaron yana haƙa rami cikin fata, ƙaiƙayin ba ya barin zomo ya ci ko ya huta. Za ka ga yana cizon yatsunsa, yana ramewa. In aka bar ta tana kisa, kuma tana bin keji-keji.

Ƙwarin gashi, wato Cheyletiella, sun fi kama zomon da ya yi ƙiba, ko ya tsufa, ko haƙorinsa ya lalace, don ba ya iya gyara jikinsa. Suna iya sa wa mai ɗaukar zomon ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu.

Sai ƙuma, wadda yawanci daga kyanwa ko karen maƙwabta take zuwa. Za ka ga baƙin gari a gindin gashi. Ka zuba shi a jiƙaƙƙiyar farar takarda, in ya koma ja, kashin ƙuma ne.

Akwai wani ciwo da ke kama da ƙazuwa, ɓawo a hanci da leɓe da al'aura, amma ba ya ƙaiƙayi. Ta barbara ake ɗaukarsa, ba ya kama mutum, kuma maganin ƙazuwa ba ya yi masa komai. Wannan sai likita.

Makero

Makero ba ƙwaro ba ne, naman gwari ne, irin wanda ke fitowa a kan yara. Ya fi kama ƙananan zomaye da waɗanda aka cunkusa a wuri mai danshi. Hatsarinsa shi ne yana tsallakawa zuwa ga mutum, musamman yara masu rungumar zomo. A ware mai shi, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a hana yara ɗaukarsa har ya warke. Maganinsa yana ɗaukar makonni, kuma allurar ƙwari ba ta taɓa shi. Shi ya sa wani zai yi allura sau uku ya ce magani jabu ne, alhali ba ciwon ba ne ya yi wa magani.

Danshin Kudu da abin da yake jawowa

Wanda ya yi kiwo a Arewa ya san rana da iskar hunturu suna busar da keji kyauta. Nan ba haka ba ne. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano, na Fatakwal ma ya fi haka. Abin da ya jiƙe yana daɗewa bai bushe ba, fatar zomo kuma siririya ce.

Tafin ƙafa: zomo ba shi da tsokar tafi irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai ke kare masa ƙashi. Idan kullum a kan waya yake tsaye, ko a kan siminti mai fitsari, gashin zai cinye, fata ta yi ja, ta fashe, shi kuma ya bi ta da haƙori. A sa masa katako mai santsi ko busasshiyar ciyawa mai kauri inda zai huta, a yanke masa farce in ya yi tsawo, a rage masa ƙiba. Kada a aske gashin tafin.

Haɓa: haƙoran zomo 28 ne, kuma duka girma suke yi har ya mutu, na gaba kamar milimita 2 a mako. Taunar ciyawa ce ke goge su. In ba ciyawa, sai su yi tsini su yanki harshe da kumatu, yawu ya dinga zuba, haɓa ta jiƙe ta ruɓe. Wani lokaci kuma kwanon ruwa ne mai faɗi da tozon wuyan mace ke shiga ciki. A ɗaga kwanon ko a sa robar ruwa mai bakin tsotso.

Ƙuda: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda rauni ko jiƙaƙƙen gashi yake, ƙuda zai yi ƙwai, kuma a zafin nan ƙwan yana ƙyanƙyashewa ƙasa da kwana ɗaya. Tsutsa a jikin zomo ba abin jira ba ne, a ranar ake neman likita. Akwai kuma ƙudan nan na tumbu, wanda saboda shi ake goge kayan da aka shanya. Yana yin ƙwai a ƙasa mai danshi da warin fitsari, tsutsar ta shige fata ta yi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Zomon da ke kwana a ƙasa ya fi gamuwa da shi.

Zafi ma yana ƙara masa wahala. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake rage zafi, kuma da zarar ya haura digiri 30 ya shiga matsi. Kada a ajiye keji ƙarƙashin kwano kai tsaye ko kusa da hayaƙin janareto.

Idan fata lafiya amma bai daina ba

Nan ne maganar ɗabi'a take shigowa, kuma abu huɗu ake dubawa.

Abinci: cikin zomo na ciyawa ne. Wanda ake ba dusa, burodi, ragowar shinkafa da abincin kaji yana ƙoshi cikin minti kaɗan, bakinsa kuma na neman abin tauna, sai ya koma kan gashinsa ko na ɗan uwansa. Wani abincin kajin ma akwai magungunan da ake zubawa ciki masu cutar da zomo. Ƙa'idar ita ce ciyawa ta zama mafi yawan abincinsa, kullum tulin da ya kai girman jikinsa. Ɗanyar ciyawa a bar ta ta ɗan yi yaushi, kuma kada a yanko ta bakin kwata ko inda aka yi feshi. Ganyen dankali da zogale a haɗa kaɗan-kaɗan. Mu da muke kusa da kara muna da sa'a, harawar gyaɗa da ta wake suna zuwa daga gida, musamman gab da Layya. Zomo yana son su, sai dai suna da ƙarfi, a gauraya da ciyawa. A sansana kafin a ba shi, harawar da ta yi fumfuna guba ce. Duk sabon abinci a shigo da shi a hankali cikin mako guda.

Matsi da zaman banza: kejin da zomo ba zai iya tsalle uku a ciki ba, ko ya miƙe a kan ƙafar baya, ya yi masa kaɗan. A sake shi ya zaga da sassafe da yamma, lokacin da ya fi kuzari, a wurin da ba kyanwa, ba kare, ba wayar lantarki. A ba shi kwali mara leda, ko tsohuwar tabarmar kaba mara rini, ya yi ta yaga. A sa masa akwatin ɓuya, don dabba ce da ake farauta, rashin maɓoya tsoro ne a wurinsa.

Abokin zama: in gashin da ya gutsure a ƙeya yake ko gadon baya, inda bakinsa ba ya kaiwa, to wani ne ke ci. Maza biyu in sun kai wata uku zuwa huɗu faɗa suke farawa. A raba su.

Ciwon da ke ciki: in wuri ɗaya tak yake ci kullum, ka lalluba. Ƙurji na iya kasancewa a ƙasa, kuma mugunyar zomo kauri gare ta kamar man goge baki, matsawa ba ta fitar da ita. Ciwon gaɓa ko mafitsara ma yana sa ya ciji fatar da ke saman wurin. Akwai kuma wanda aka yi wa allura a cinya ta taɓa jijiya, bayan kwanaki sai ya fara cin yatsun ƙafar.

Wani zomon ko an kawar da dalilin, cin ya riga ya zame masa jiki. Wannan haƙuri yake so, makonni ba kwanaki ba. Duka da tsawa ƙara masa suke yi.

Allurar ivermectin da lissafinta

Maganin da likitoci suka fi amfani da shi ga ƙwarin kunne, ƙazuwa da ƙwarin gashi shi ne ivermectin, wanda mu 'yan kara muka sani da Ivomec. Nan ne mutanenmu suke faɗawa rami, don kwalbar tana hannu.

Ga lissafin. Kwalbar shanu mai kashi 1 cikin 100, kowane mil 1 yana ɗauke da miligiram 10, kuma mil 1 na kilo 50 ne na saniya. Zomo ana ba shi miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kowane kilo. Ke nan zomo mai kilo 2 rabonsa mil 0.04 zuwa 0.08, ɗigo biyu ma da ƙyar. Wanda ya ce bari ya ɗan ja rabin mil, ya ba shi fiye da ninki shida na mafi girman adadin. Sirinjin shanu ba ya iya auna wannan, sai ƙaramin sirinjin masu ciwon suga. Don haka a auna nauyin zomon, a bar likita ko ma'aikacin dabbobi ya yi, a ƙarƙashin fatar wuya, ba a cinya ba. Kuma zallan ivermectin ake so, ba wanda aka haɗa da maganin tsutsar hanta ba.

Allurar ba ta kashe ƙwai, shi ya sa ake maimaitawa bayan kwana 10 zuwa 14, sau biyu ko uku. A yi wa duk zomayen da suka zauna tare. A ƙona tsohuwar shimfiɗa, a wanke keji a shanya, don ƙwarin kunne suna iya rayuwa kusan mako uku ba a jikin dabba ba. Mace mai ciki da 'yan ƙanana, a faɗa wa likita tukuna. Akwai kuma na ɗigawa a ƙeya mai suna selamectin, wanda ke kashe har da ƙuma, ga wanda ya samu a asibitin dabbobi.

Abubuwan da ke kashe zomo

Zomo kullum cikin lasar jikinsa yake, kuma ba ya iya amai. Duk abin da ka shafa masa, ka ɗauka ka ba shi a baki ne.

Maganin kaska na shanu, na wanka ko na zubawa a gadon baya: kada a kusanto da shi.

Frontline da duk mai sinadarin fipronil na karnuka: yana sa zomo farfaɗiya ya mutu.

Sniper, fiya-fiya, kananzir da baƙin mai: suna ƙona fata, suna kuma kashewa in ya lasa.

Ampiclox, amoxicillin, lincomycin da danginsu a baki: suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, zawo ya biyo baya, sai mutuwa. Kada a fasa kafso a ruwan shansa, kada kuma a barbaɗa a rauni.

Mayukan kemis irin su Funbact-A: akwai sinadarin sitiroyid a ciki, wanda ke karya garkuwar jikin zomo.

Wanka gaba ɗaya: firgita da sanyi suna iya kayar da shi, gashin kuma ba ya bushewa da wuri. Wurin da ya ɓaci kaɗai ake gogewa a busar.

Yadda ake kula da raunin

A rage gashin gefen raunin a hankali, fatar tana saurin yagewa. A wanke sau biyu a rana da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. A busar da tsumma mai tsabta. A rufe keji da gidan sauro saboda ƙuda. In a jiki ne, 'yar rigar jariri tana hana shi kaiwa, amma a lura kada ya cinye ƙyallen. Likita yana da man da ya dace da kuma maganin rage zafi, wanda sau da yawa shi ke sa zomo ya bar wurin.

Abin wuya da ake sa wa kare don hana lasa, ga zomo sai in ba yadda za a yi. Dalili kuwa, zomo yana fitar da wani kashi mai laushi, yawanci da dare ko asuba, yana cinye shi kai tsaye daga jikinsa, kuma abinci ne a gare shi. Abin wuya yana hana shi wannan. In dole ne a sa, a dinga cirewa ana zaune kusa da shi.

Lokacin da ba a jira

A nemi likita a ranar idan zomo ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, idan an ga tsutsa, idan jini ya ƙi tsayawa ko ƙashi ya bayyana, idan kansa ya karkace gefe, ko zawo ya kama shi. Jihohi suna da asibitocin dabbobi na gwamnati, kuma manyan mayanka irin ta Oko-Oba a Agege akwai ma'aikatan dabbobi da za su nuna maka inda za ka. Akwai kuma sashen likitancin dabbobi a Jami'ar Ibadan, Jami'ar Noma ta Abekuta, Jami'ar Nsukka da ta Umudike. Ka roƙi a kankari fatar a duba a madubi. Kuɗin gwajin bai kai na maganin da za ka yi ta saya a kan zato ba.

Rigakafi

Sabon zomo daga kasuwa a ware shi aƙalla mako biyu zuwa wata guda kafin a haɗa da na gida. Keji ya ɗaga daga ƙasa, iska na ratsawa, feshin ruwan sama ba ya shiga. A kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kullum. Sau ɗaya a mako a duba kunne, hanci, haɓa, tafin ƙafa da gindi, da damina kuwa gindin kullum. A koya wa yaran gida wannan dubawar, su ne suka fi zama da shi, su za su fara gani.

In zomonka ya riga ya fara, bi tsarin nan: duba wurin, kawar da ƙwari, busar da keji, cika masa ciyawa, faɗaɗa masa wuri. Gashi yana ɗaukar makonni kafin ya rufe tabo, don haka alamar sauƙi ta farko ita ce ya rage susa ya koma cin abinci.

Allah Ya albarkaci kiwo, Ya ba mu zaman lafiya a inda muke nema.